Coci cike yake, to ina raunin da ake cewa zamani ya kawo?

Wani ɗan'uwa matashi ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: "Baba, ina yawan jin manya suna cewa wannan zamanin na saye da sayarwa ya raunana bangaskiyar ikkilisiyoyin bishara, amma ni ina ganin coci cike, gine-gine sai ƙara girma suke, waƙoƙin yabo ko'ina a waya. To ina raunin yake? Ko dai kawai tsofaffi ne ke kewar zamaninsu?"

Ɗana, tambayarka mai kyau ce, kuma akwai gaskiya a zarginka, wasu cikinmu kewa ce kawai ke damun su, sun fi son benci da Littafin Waƙoƙi domin da su suka tashi. Amma maganar ta wuce kewa. Na daɗe ina koyar da tarihin ikkilisiya ina kuma zama da fastoci, kuma abin da na gani shi ne zamanin nan bai zo ya ce mana ku musunci Yesu ba, ko kaɗan, takardun koyarwar bangaskiyarmu suna nan yadda suke babu wanda ya goge layi ɗaya. Abin da ya canza shi ne matsayin mutumin da ke zaune a kujera. Da can mamba ne, an yi masa baftisma, ya ɗau alkawari, yana ƙarƙashin dattawa, ana iya kiransa a tambaye shi yaya zamanka da matarka. Yanzu kwastoma ne. Kuma kowa ya san mai shago ba ya tsawata wa kwastoma, in ya tsawata masa gobe sai ya gan shi a shagon maƙwabci. Duk sauran abin da zan faɗa daga nan ya fito.

Sai mun leƙa Amurka kafin mu fahimci abin, domin a can aka dafa shi kafin a kawo mana. Tun 1791 tsarin mulkinsu ya hana gwamnatin tarayya ta riƙe wani coci a matsayin na ƙasa, jihar Masacusets ce ta ƙarshe da ta saki nata a 1833, daga nan kowane coci sai ya nemo mutanensa da kansa ya kuma nemo kuɗinsa. Wannan ba mugun abu ba ne, shi ya sa ma ikkilisiyoyinsu suka yi ƙwazon bishara fiye da na Turai, amma ya shuka gasa. A wajen 1835 wani mai wa'azi, Charles Finney, yana koyar da cewa farkawa ba mu'ujiza ba ce, sakamako ne na amfani da dabarun da suka dace, wato in ka san hanya za ka samu taro. Riƙe wannan tunanin, domin shi ne kakan duk abin da ya biyo baya.

Bayan yaƙin duniya na biyu Amurka ta yi arziki, mutane suka bar tsakiyar birane suka koma sabbin unguwanni, kowa da motarsa da talbijin ɗinsa, kuma mota ta kashe cocin unguwa, tunda mai mota zai iya wuce coci goma ya je wanda ya fi masa daɗi. A 1955 Robert Schuller ya fara wa'azi a wani filin silima na Kalifoniya inda mutane ke kallo daga cikin motocinsu, yana tsaye a kan rufin wurin sayar da kayan ƙwalama, ka zo a motarka ka ji wa'azi ka koma ba ka gaisa da kowa ba. Shi ne daga baya ya gina katafaren cocin gilashin nan da aka buɗe a 1980. A 2010 cocin ya bayyana cewa bashi ya karya shi, daga baya aka sayar da ginin ga 'yan Katolika a kan dala miliyan 57.5. A makarantar tauhidi ta Fuller kuma Donald McGavran, wanda ya yi aikin mishan a Indiya, ya fara koyar da ilimin haɓaka coci daga 1965, kuma ɗaya daga cikin abin da ya lura da shi shi ne mutane sun fi son karɓar Kristi ba tare da sun tsallake iyakar ƙabila ko yare ko matsayi ba. Shi da niyyar bishara ya faɗa, amma da maganar ta shiga hannun masu lissafin kasuwa sai ta zama, zaɓi irin mutanen da kake so ka gina musu coci daidai da su. Rick Warren da ya kafa cocin Saddleback a 1980 har zana hoton irin mutumin da suke nema suka yi suka sa masa suna, da irin aikinsa da irin kayan da yake sawa da abin da ba ya so a coci.

Wanda ya fi koya mini darasi shi ne cocin Willow Creek kusa da Shikago. A 1975 Bill Hybels da abokansa suka bi gida-gida suna tambayar mutane me ya sa ba ku zuwa coci, aka ce musu ana yawan roƙon kuɗi, sujadar ba ta da armashi, wa'azin bai shafi rayuwarmu ba, ana sa mu jin laifi. Sai suka tsara sujada da ta kauce wa duk waɗannan, ɗakin taro kamar na wasan kwaikwayo, babu gicciye a gaba, kiɗa na zamani, gajeren wasa, wa'azi kan aure da aiki da damuwa. Mutane suka cika wurin, dubbai, fastoci daga ko'ina a duniya suna zuwa koyon sirrin. To a 2007 su da kansu suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan mambobinsu, suka gano cewa yawan shiga shirye-shiryen coci ba ya nuna mutum yana girma cikin ƙaunar Allah da ta maƙwabci, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu sun ce ko dai sun tsaya cik a ruhaniya ko ba su gamsu da cocin ba, abin da ya fi zafi ma cikin marasa gamsuwar akwai waɗanda suka fi kowa himma. Hybels ya fito fili ya ce sun yi kuskure, da tun farko sun koya wa mutane karanta Littafi Mai Tsarki da kansu. Ina girmama su a kan wannan gaskiyar da suka faɗa. Amma ka duba, shekara talatin ana tambayar wanda ba ya zuwa coci me kake so, ba a tsaya an tambayi me Ubangijin ikkilisiyar yake so a ba shi ba. Cikin amsoshin nan huɗu, uku gyara ne mai kyau, wa'azi mara kai da roƙon kuɗi ba ibada ba ne. Na huɗun ne matsalar, domin in ka cire jin laifi gaba ɗaya ka cire ƙofar tuba, kuma wanda bai san yana da zunubi ba me zai yi da Mai Ceto?

Ka ce coci cike yake. A can ma ba ko'ina ba. Binciken cibiyar Pew ya nuna masu kiran kansu Kirista a Amurka sun sauko daga kashi 78 cikin ɗari a 2007 zuwa wajen 62 a 2024, cibiyar bincike ta Gallup kuma ta ce masu rajista a wani wurin ibada sun sauko daga kashi 70 a 1999 zuwa 47 a 2020. Southern Baptist, babbar ɗarikar 'yan bishara a ƙasar, ta kai miliyan 16.3 a 2006, zuwa 2023 ta faɗo ƙasa da miliyan 13. Sai dai in za a yi adalci, 'yan bishara ba su zube kamar tsofaffin ɗariku masu sassaucin koyarwa ba, daga kashi 26 ne zuwa 23, saboda haka ni ba na jingina hujjata a kan yawan kai. Manyan coci masu mutum 2,000 zuwa sama suna ƙaruwa, amma da yawa cikin masu cika su daga ƙananan coci suka ƙaura, tumakin ne dai ke canza garke. Abin da ke cikin kan mutanen shi ne ma'auni. A binciken da ƙungiyoyin Kirista biyu, Ligonier da Lifeway, suka yi a 2022, kashi 43 na 'yan bishara sun yarda da maganar cewa Yesu babban malami ne amma ba Allah ba ne. Mutanen da suka ce Littafi Mai Tsarki ne mafi iko a rayuwarsu fa! Wani binciken Lifeway na wannan lokacin ya samu kashi 52 na masu zuwa cocin Furotesta suna cewa cocinsu na koyar da cewa Allah zai sa musu albarka in sun ƙara ba da kuɗi, a 2017 kashi 38 ne. Tun 2005 masanin zamantakewa Christian Smith, bayan ya yi hira da matasa masu yawa, ya ce addinin da akasarinsu ke riƙe da shi a zahiri shi ne, akwai Allah, yana so ka zama mutumin kirki ka ji daɗin ranka, ba ya shiga harkarka sai ka kira shi lokacin matsala. Babu zunubi a ciki, babu gicciye, babu tashin matattu. Kuma ya ce daga iyayensu da cocinsu suka koya, ba daga titi ba.

Waƙoƙin da ka ce suna ko'ina a waya, su ma akwai magana. Wasu masu bincike sun duba waƙoƙin sujada da suka fi tashe a cocin Amurka tsakanin 2010 da 2020, guda 38, suka tarar kusan dukansu daga manyan coci huɗu suka fito ko ta hannunsu suka yi suna, Hillsong, Bethel, Elevation da Passion. Ban ce waƙoƙin duka marasa kyau ba ne, wasu ina rera su da dukan zuciyata. Amma harka ce ta kuɗi mai haƙƙin mallaka, ana rubuta waƙar da za ta karɓu a babban fili da fitilu, kuma waƙar makoki ba ta sayuwa. Buɗe Zabura ka gani, kaso mai yawa kuka ne da ƙorafi a gaban Allah, har yaushe ya Ubangiji. Mutumin da duk waƙoƙinsa na nasara ne, ranar da ya binne ɗansa ba shi da abin rerawa.

Sai kuma fasto da ya zama tambarin kaya. Ikkilisiyar Mars Hill a Siyatil ta tara dubban mutane a rassa da yawa, aka gano an kashe kuɗin coci sama da dala 200,000 domin a cusa littafin faston cikin jerin littattafan da suka fi kasuwa, ga koke-koken dattawa a kan yadda yake mulki, ya sauka a 2014, kafin shekarar ta ƙare cocin gaba ɗaya ya watse. Coci da ke mutuwa don mutum ɗaya ya tafi, a kan wa aka gina shi?

Yanzu mu dawo gida, domin abin ya iso mu ta ƙofar da ta fi faɗi, wato bisharar wadata. Oral Roberts ne ya yaɗa koyarwar shuka iri, ka ba da kuɗi kamar iri Allah ya ninka maka, Kenneth Hagin ya buɗe makarantarsa ta Rhema a 1974, Benson Idahosa na birnin Benin a nan Nijeriya ya yi karatu a Dalas a farkon shekarun 1970 ya dawo da salon, sannan a 1986 tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati da ake kira SAP ya zo, naira ta faɗi, albashi ya zama ba ya kai wata, masu digiri suna yawo ba aiki. A irin wannan yanayin wanda ya ce maka Allah ba ya son ka da talauci, dole ka saurare shi. Ni ba na ganin laifin matar da mijinta ke kwance ba kuɗin asibiti ta ɗauki 'yar ajiyarta ta kai wa mai wa'azi, neman taimako take, kuma sau da yawa mu tsofaffin ikkilisiyoyi mun yi mata wa'azin sama mun manta tana jin yunwa a ƙasa. Laifin yana kan wanda ya karɓa. Bitrus ya gaya wa Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni 8 cewa kuɗinsa su hallaka tare da shi tunda ya zaci baiwar Allah abin saye ce, Bulus kuma a 1 Timoti 6 ya yi maganar masu ɗaukar ibada hanyar samun riba. Masanan tauhidi na Afirka da suka zauna a Akropong ta Gana a 2008 da 2009 ƙarƙashin Lausanne, ƙungiyar 'yan bishara ta duniya, sun faɗi haka ƙarara, sun yarda Allah yana warkarwa yana kuma kula da talaka, amma sun ƙi koyarwar da ta mai da shi abokin ciniki.

Kada kuma ɗan ECWA ko COCIN ko HEKAN ko Baptis ya ce wannan matsalar 'yan Fentikos ce. Ta shigo mana, sai dai ta sa kayanmu. Ka lura da yadda ake lanchin yanzu, a kira sunan mai kuɗi da adadin da ya bayar a tafa masa, gwauruwar da ta kawo mudun masara ranar godiyar kaka ba wanda ya san ta zo. Ka lura da yadda ake auna fasto in lokacin canji ya yi, gini nawa ya ɗaga, baiko ya kai nawa, ba a cika tambayar mutum nawa ya ziyarta ko ajin baftisma nawa ya koyar da kansa ba. Shi ma faston ɗan adam ne mai 'ya'ya a makaranta, in mutum uku ne ke riƙe da rabin kuɗin coci ya san wa'azin da zai yi da wanda zai haɗiye, kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ga anko a kowane taro har mai ƙaramin ƙarfi ta ci bashi don kada ta ji kunya a Zumuntar Mata, ƙungiyar da iyayenmu mata suka riƙe da addu'a da ziyarar marasa lafiya da ɗan abin da suka tara a ƙulle a bakin zane.

Amma inda na fi ganin raunin ƙuru-ƙuru shi ne horo. Da, in mamba ya faɗi cikin zunubi a fili, dattawa za su zauna da shi, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji, ya zauna a bencin baya na wani lokaci, a ci gaba da ziyartarsa har ranar da za a karɓe shi a gaban jama'a da murna. Na san an yi zalunci da wannan tsarin a wurare, an fi hukunta yarinyar da ciki ya nuna a bar namijin, an fi hukunta talaka, wannan abin kunya ne kuma dole a gyara. Amma yau ba gyara aka yi ba, abin ne ya mutu, domin ranar da aka sa mutum a horo ranar zai tsallaka titi ya shiga wani coci, a karɓe shi da tafi a matsayin sabon zuwa, wata uku a ba shi muƙami, ba wanda zai tambaye shi takardar canji daga inda ya fito. Ikkilisiyar da ba za ta iya ce wa ɗanta a'a ba, ba za ta iya renonsa ba. Waya kuma ta ƙarasa aikin, tun lokacin korona da aka saba sujada ta Facebook da YouTube mutum yana kwance yana zaɓen mai wa'azi, wannan ya taɓa inda ke masa ciwo sai ya matsa gaba, fastoci biyar yake saurara amma babu ko ɗaya da ya san sunansa balle ya zo jana'izar mahaifinsa.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne mu a arewa ba mu da sararin yin irin wannan bangaskiyar. Su can mai bangaskiyar jin daɗi in ya gaji sai ya daina zuwa coci ya kama wasanni ranar Lahadi. Mu fa? 'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, sun ga an ƙona majami'unsu da yawa, a 2014 har hedikwatarsu da ke Kwarhi sai da 'yan Boko Haram suka ƙwace, yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yansu ne. Je ka gaya wa gwauruwar da ke sansanin gudun hijira cewa rashin shuka iri ne ya jawo mata, ko cewa mai bangaskiya ba ya shan wahala. Abin da ya riƙe mutanen nan shi ne ayoyin da suka haddace a makarantar Lahadi, da tsofaffin waƙoƙin gicciye, da 'yan'uwan da suka raba musu ɗaki da hatsi. Mutum uku da suka iso Legas a 1893 da nufin kawo bishara arewacin ƙasar nan, Gowans da Kent sun mutu cikin shekara guda, Bingham ne kawai ya koma da rai kuma ya sake dawowa, masu bisharar EMS, ƙungiyar mishan ta ECWA, kuma har gobe suna zaune a ƙauyukan da babu hanya babu asibiti a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Yesu bai ɓoye wa kowa farashin ba, a Markus 8:34 ya ce mai son binsa ya ƙi kansa ya ɗauki gicciyensa, a Yohanna 6 kuma ya gaya wa taron a fuskarsu cewa don sun ci gurasa sun ƙoshi suke nemansa, da ya ci gaba da magana mai wuya da yawa suka juya baya, bai bi su yana rage musu ba.

Ba ina ce maka ka tsani jita da fitila da na'urar haska waƙa a bango ba, kayan aiki ne, kuma sujada mara tsari da wa'azin da ba a shirya ba ba su ne tsarki ba. Ba kuma ina ce kada mutum ya taɓa barin coci ba, in ana koyar da ƙarya ko ana cin zarafin mutane ka fita, har ka ja wasu. Amma tunda kai matashi ne kuma ka tambaya, ga abin da zan roƙe ka. Ka zaɓi ikkilisiya ɗaya da ake buɗe Littafi Mai Tsarki a bi shi sura-sura har wuraren da ba su da daɗin ji, ka sa sunanka a rajista, ka bari wani dattijo ko wata uwa su san ka sosai har su iya kiranka su ce ɗana wannan abin da kake yi ba daidai ba ne, kuma ranar da suka faɗa kada ka tattara ka tafi. Ka karɓi aikin da ba a tafa wa mai yin sa, koyar da yara, ziyarar asibiti, share coci ranar Asabar. Ka ba da zakkarka da baikonka ba tare da ka rubuta wa Allah abin da kake jiran ya biya ka da shi ba. In ana taron mambobi ka je, ka nemi a karanta rahoton kuɗi, ka tambaya cikin ladabi nawa aka kashe a gini da kayan kiɗa, nawa aka kai wa gwauraye da marayu da masu bishara a ƙauye, sannan ka tambayi dattawa ko har yanzu ana neman takardar canji daga wanda ya zo daga wani coci.